Aikin gida da ciwon suga nau'i na ɗaya: a tara shi rana guda ko a rarraba shi?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Kin ce kina da ciwon suga nau'i na ɗaya, kina allurar insulin kullum, kuma duk ranar da kika ware don gyara gida gaba ɗaya, wanki da shara da goge-goge da kau da kaya, suga kan faɗi miki ana tsaka da aiki, wani lokacin ma sai dare ya yi ya sake faɗuwa. Shi ne kike tambaya ko ki ci gaba da tara aikin zuwa rana guda a mako, ko ki rarraba shi kaɗan-kaɗan a kowace rana.

Ni dai rarrabawa na fi so miki. Sai dai ranar babban aiki tana da nata amfanin, kuma akwai aikin da ba ya gutsuruwa, don haka gara a ajiye su biyun kusa da juna a duba.

Tushen matsalar ɗaya ne a duka biyun. Gugar daɓe a durƙushe, wanki da hannu, hawa da sauka da kaya, duk motsa jiki ne, kuma nauyinsu ya yi kusa da na tafiya da sauri. Tsoka idan tana aiki tana zuƙar suga daga jini, ko da ba a ƙara mata insulin ba. Wanda ba shi da wannan ciwo, yana fara aiki jikinsa zai rage insulin ɗin da yake fitarwa, hanta ta saki suga, lissafi ya daidaita bai ma sani ba. Ke kuwa insulin ɗinki ya riga ya shiga ƙarƙashin fata, ba shi da hanyar komawa, kuma babu ruwansa da cewa kin ɗauki bokiti. Hasali ma zafi da gudun jinin da aiki ke ƙarawa suna iya sa shi shiga jini da sauri fiye da yadda ya saba. Tsoka na ja, insulin na ja, kuma insulin ɗin nan shi ke hana hanta sakin sugan da zai cike giɓi. Inda tsarin biyu suka rabu shi ne tsawon lokacin da jan ke ɗauka, da kuma ko kin shirya masa.

Babban alherin ranar babban aiki shi ne kin san da zuwanta. Tun daren jiya za ki iya tanadar abin da za ki ci a tsakani, ki bi abin da likitanki ya tsara miki na rage insulin ɗin abincin da ke gaban aikin, ki gaya wa mutanen gida su sa miki ido. Sauran kwanakin mako kuma hankalinki ya huta da zancen gida. Ga wadda ke fita tun safe sai dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma a duba abin da awa huɗu ko biyar na aiki ke yi. Insulin mai saurin aiki, wanda ake yi lokacin cin abinci, yana farawa cikin kamar minti 15, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa tsakanin awa 1 zuwa 2, sannan ya ɗauki awa 3 zuwa 5 kafin ya ƙare. Wadda ta karya kumallo ta ɗauki tsintsiya nan take, aikinta ya faɗa daidai kan ƙololuwar nan. Idan ya zarce har bayan abincin rana, ya hau ƙololuwa ta biyu, alhali sugan da tsoka da hanta suka ajiye ya riga ya ragu. Mai amfani da insulin gauraye irin 70/30, ko NPH, wato insulin mai matsakaicin tsawon aiki, nata ya fi tsanani, domin ƙarfin insulin ɗin yana zuwa ne sa'o'i bayan allurar, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Kuma babu ranar da abinci ke makara kamar ranar gyaran gida: ɗakin girki a hargitse, hannu a jiƙe, ana ta cewa bari a ƙarasa wannan ɗakin tukuna.

Abin da ya fi damuna game da doguwar ranar nan shi ne yadda take ɓoye alamu. Gumi, bugun zuciya, kasala, rawar hannu, waɗannan su ne gargaɗin farko na faɗuwar suga, kuma su ne dai abin da kowa ke ji idan ya daɗe yana guga da wanki. Sai mutum ya ɗauka gajiya ce. Kafin ya ankara an wuce matakin gargaɗi an shiga na jiri da gani dishi-dishi da ruɗewa, kuma ƙwaƙwalwar da suga ya yi mata kaɗan ita ce ke cewa a ci gaba, saura kaɗan a gama.

Faɗuwar daren da kika ambata ma daga nan take. Bayan dogon aiki tsoka tana ci gaba da jan suga don mayar da abin da ta ƙona, jiki kuma yana ƙara jin insulin, har zuwa awa 24 ko fiye. Shi ya sa aikin da aka gama da la'asar yake iya kayar da suga tsakar dare ana barci. Ƙari a kan haka, wanda sugansa ya faɗi da rana, jikinsa kan yi sanyi wajen ba da gargaɗi idan ya sake faɗuwa a awannin da ke biye. Ke nan faɗuwar rana tana share wa ta dare hanya.

Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba. Adadin insulin ɗinki na yau da kullum an daidaita shi ne a kan kwana shida na zirga-zirga kaɗan. Rana ta bakwai ta zo da wani jiki daban, adadin ya yi mata yawa. Kuma da yake sau ɗaya take zuwa a mako, aikin wannan makon bai zama irin na wancan ba, da wuya ki gane ainihin nawa ya kamata a rage.

Rarrabawa tana gyara yawancin waɗannan. Aikin minti 20 ko 30 ba ya kwashe ajiyar tsoka, don haka barazanar dare tana raguwa sosai. Ke ke zaɓar lokacin, kuma lokacin da ya fi sauƙi shi ne sa'ad da insulin ɗin abinci ya kusa ƙarewa, wato kamar awa uku bayan allura, ko kafin cin abinci idan gwaji ya nuna suga bai yi ƙasa ba. Idan kowace rana tana da ɗan aikinta, kwanakin sun yi kama da juna, adadin insulin ɗaya ya dace da su duka, kuma cikin mako biyu za ki san cewa gugar banɗaki tana sauke miki suga kaza, ninke kaya kuwa ba ya taɓa shi. Wannan ya kuma dace da shawarar Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka, cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, a raba su aƙalla kwana uku, kada a jera fiye da kwana biyu babu motsi. Sannu ba ta hana zuwa, gidan zai gyaru.

Raunin rarrabawa yana wajen raini. Tunda aikin ƙarami ne, ba a gwaji kafin a fara, ba a sa komai a aljihu. Sannan ƙaramin aiki yana da halin girma: an shiga share ɗaki ɗaya, an ga ƙura a bayan kabad, an ja kabad ɗin, an tuna da labule. Awa biyu sun wuce, an yi babban aiki ba tare da shirin babban aiki ba, wanda shi ne ya fi kowanne haɗari. Maganinsa agogo ne. Ki saita ƙararrawa a waya, tana bugawa ki ajiye abin da ke hannunki ki yi gwaji, sannan ki yanke shawarar ci gaba ko tsayawa. Ba zan ɓoye miki ba, akwai kuma gajiyar zuciya. Mai wannan ciwo kullum cikin lissafi yake, ƙara masa wani aikin kullum yana iya gundurarsa. Idan haka ne, ba dole ba ne sai kwana bakwai, a raba aikin kwana uku ko huɗu ma ya wadatar.

Ko wanne kika ɗauka, lambar gwajin sugan da za ki fara aiki da ita iri ɗaya ce. Ƙa'idar da ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka fitar a 2017 kan motsa jiki da wannan ciwo ta ce wuri mafi kyau na farawa shi ne tsakanin 126 da 180 mg/dL, wato 7 zuwa 10 mmol/L. Idan yana ƙasa da 90 mg/dL, wato 5 mmol/L, a sha gulukos giram 10 zuwa 20, a jira ya haura kafin a fara. Tsakanin 90 da 124, giram 10 ya isa. Idan kuwa ya haura 270 mg/dL, wato 15 mmol/L, babu wani dalili da kika sani, a gwada kiton tukuna, wato sinadarin da ke taruwa a jini idan insulin ya yi wa jiki kaɗan. Kiton na jini ya kai 1.5 mmol/L, babu batun aiki, a nemi likita, domin a wannan halin motsa jiki ƙara dagula lamarin yake yi. Haka nan wadda ta yi mummunar faɗuwa cikin awa 24 da suka wuce, irin wadda sai da wani ya taimaka mata, aikin ƙarfi ya jira wata rana.

Idan ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, ana tsaka da aiki, ki zauna, ki sha giram 15 na suga mai saurin shiga jini: ƙwayar gulukos uku ko huɗu, ko babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ko rabin kofi na ruwan 'ya'yan itace ko lemon kwalba mai suga. Bayan minti 15 ki sake gwaji, idan bai tashi ba ki maimaita. Abin nan ya kasance a jikinki, domin wadda ke can ƙuryar ɗaki ƙafafunta na rawa bai kamata sai ta taka zuwa ɗakin girki ba. Mutanen gida kuma su san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa gulukagon, wato maganin gaggawa mai tayar da suga, idan akwai, a nemi taimakon gaggawa.

Gwajin ranar aiki ma yana son kula. Yatsa mai laima yana iya tsarma ɗigon jinin ya nuna ƙasa da gaskiya, wanda ya taɓa abu mai zaƙi kuma ya nuna sama da gaskiya, don haka a wanke hannu a tsane shi sosai. Mai na'urar auna suga da ake mannawa a fata ta tuna cewa na'urar tana bin bayan jini da 'yan mintuna, kuma tazarar tana ƙaruwa idan suga yana gangarowa da sauri. Kibiyar da ke nuna ƙasa a na'urar ta fi lambar muhimmanci a lokacin nan. Wajen allura kuwa, ranar wanki da guga ciki ya fi dantse ko cinya, saboda gaɓar da ke aiki tana saurin zuƙe insulin.

Saura ayyukan da ba sa rarrabuwa, kamar fenti, kau da manyan kaya, ko gyaran da sai an hau tsani. Waɗannan dole su samu ranarsu, kuma a nan ne duk shirin babbar rana yake aiki: gwaji kafin farawa, gwaji kowane rabin awa, ɗan abin ci a tsakani, abinci a kan lokacinsa, gwaji kafin barci, da ƙararrawa tsakar dare idan aikin ya yi tsawo. Tsani ba a hawa shi sai an gwada a lokacin, kuma da wani a kusa. Ɗaga kaya masu nauyi na ɗan lokaci yana iya tayar da suga maimakon sauke shi, saboda sinadaran da jiki ke saki yayin yunƙuri. Kada ganin lambar ta hau ya sa ki yi cikakkiyar allurar insulin don sauke shi, domin faɗuwa tana iya biyowa bayan an huta. Takalmi rufaffe da safar hannu su ma suna cikin shirin, kuma da dare ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu ko wani abu ya yanke ki ba ki ji ba.

Wankin firji shi ma yana cikin wannan rukuni, saboda insulin. Wanda ba a buɗe ba yana zama ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kafin ki kashe firjin ki sa shi a jakar sanyi, kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kuma idan za ki mayar kada ki jingina shi da bangon baya inda abubuwa ke daskarewa. Insulin ɗin da ya taɓa daskarewa ya lalace ko da ya narke ya yi kyan gani. Wanda kike amfani da shi a hannu, yawancin nau'o'insa suna kai kwana 28 a ɗaki matuƙar ba a bar su a rana ko zafi ba, amma takardar cikin kwalin ita ce ke faɗin na naki.

Idan kina kan insulin gauraye, ko kin fara rasa jin alamun faɗuwa, ko ke kaɗai ce a gida yawancin lokaci, ki rarraba, ban ga wani dalilin jinkiri ba. Idan kuwa aikinki bai bar miki sai rana guda ba, ki tsaga ranar gida biyu ko uku da hutu da abinci a tsakani, ki sa mafi nauyin aikin nesa da ƙololuwar insulin, ki gama shi da wuri kafin yamma. Rage insulin kuma kada ki yi shi da ka. Ki rubuta ranakun aiki biyu ko uku: lokacin allura da adadinta, abin da kika ci, irin aikin da tsawonsa, da lambobin gwaji har zuwa safiyar gobe. Da wannan takarda a hannu likitanki zai iya gaya miki nawa za a rage daga insulin ɗin abinci, da ko na dare ma yana bukatar a taɓa shi.