Jirgin shata ko jirgin haya a Galveston, wanne ya fi wa masu ƙananan yara?

Wa'alaikumus salam 'yar uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarki, cewa ke da maigida kuna so ku kai yara kamun kifi a teku can Galveston, yara uku, ƙaramar shekararta 6 babban 12, ga kuma Hajiya surukarki da ta zo daga Kano ita ma tana so a je da ita, kuma duk cikinku ba wanda ya taɓa riƙe fatsa. Kika ce wanne ya fi, ƙaramin jirgin da za ku ɗauka shata ku kaɗai da kyaftin ɗinku, ko babban nan da kowa yake biyan kuɗin kansa a shiga da jama'a. Toh mu dai duka biyun mun shiga da namu yaran, na haya sau ɗaya na shata sau uku, kuma in ni ce ke, zuwan farko shata zan ɗauka, na awa huɗu, da sassafe, a tsaya cikin lungun tekun kar a fita waje. Amma akwai abu guda da zai iya juya maganar saboda Hajiya, zan zo kansa.

Bari in fara da ruwan kansa don shi ne tushen komai. Galveston tsibiri ne a jihar Texas ta Amurka, daga Houston kamar tafiyar awa ɗaya ce a titin I-45, gabansa babbar teku bayansa kuma wani makeken lungu ne da ruwan teku ya shigo ya haɗu da na koguna, shi suke kira Galveston Bay. Faɗi ne da shi sosai amma ba zurfi, yawancinsa bai wuce mita biyu ba, kuma tsibirin ya tare masa manyan igiyoyi, shi ya sa jirgi ba ya tangal-tangal kamar a waje. Jirgin shata nan yake yawo, kusa da ciyayi da tudun kawa inda kifi ke kiwo, kina ganin gari a gefe duk tsawon tafiyar. Shi kuwa babban jirgin haya, a tafiyarsu ta awa huɗu yawanci bakin mashigar yake zuwa, wajen dogayen katangun duwatsun nan biyu da aka jera cikin ruwa don manyan jiragen kaya su samu hanya, can ne ruwan ciki da na waje suke karo, in ranar akwai iska za ki ji a jikinki. Mu ranar da muka shiga na haya ɗana na tsakiya ko minti arba'in bai yi ba ya fara cewa kansa na juyawa, daga nan sai amai, ya kwanta a kan benci ya yi lamo har aka dawo, kuma ba yadda za ki yi ki ce a juya da ku saboda mutum wajen hamsin ne kowa ya biya kuɗinsa. Wannan shi ne babban bambancin wallahi, a na shata kina cewa kyaftin yaro ba lafiya zai juya, ko ya kai ku inda ruwa ya kwanta.

Kuɗi kam ba a haɗa su. Na haya kowane mutum 'yan dalolin da ba su kai ɗari ba ne, yara ma an fi rage musu, sanda da koto duk suna ciki ko ki ƙara kaɗan. Na shata mu abin da muka riƙa biya tsakanin dala 500 ne zuwa 700 na rabin yini, kuma wannan kuɗin na mutum uku ne, duk wanda ya ƙaru a kai sai an ƙara, wani kyaftin ɗin ma kuɗin jatan lande mai rai daban yake lissafa shi, sannan ga ihsanin da ake ba shi in an sauka wanda al'adarsu ce kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ku kuma shida ne, irin lasisin da yawancin waɗannan kyaftin ɗin suke da shi fasinja shida ne iyakarsa, jariri ma kai ɗaya ne a lissafi, kuma da yawa jirginsu ba ya ɗaukar fiye da huɗu ko biyar cikin walwala, don haka tun a waya ki faɗa masa adadinku da shekarun yaran kafin ki ba da kafin alƙalami, ki kuma tambaye shi in iska ta hana fita zai maido miki ko zai sake muku rana.

To me kike saya da wannan kuɗin mai yawa? Hankalin mutum guda kacokan a kan 'ya'yanki. A na haya ma'aikata biyu ko uku ne ga jama'a duka, a jere ake a jikin ƙarfen gefe kafaɗa da kafaɗa, kowa ya saki zarensa ƙasa da yankakken koto, zaren wannan ya sarƙe da na wancan, ƙarfen ma ya yi wa 'yar shekara 6 tsawo sai kin ɗaga ta, kuma ƙugiyoyi na ta shawagi a gefen idon yaro, ni hankalina bai kwanta ba ko na minti ɗaya. A na shata kyaftin shi zai soka jatan landen a ƙugiya, shi zai jefa, ya miƙa wa yarinya sandar. Akwai wata 'yar roba mai launin lemo da suke ɗaurawa a zaren tana yawo a kan ruwa, ana ɗan fizgarta tana ƙara ɓus ɓus kamar jatan lande na tsalle, kifi ya ji ya taho. Autata a lokacin shekararta 7, ya ce mata kar ki kalli komai sai robar nan, in ta nutse ki ɗaga sandar ki fara juya hannun, ta ƙura mata ido ko ƙiftawa ba ta yi, can sai muka ga robar ta yi ƙasa zuruf, sandar ta lanƙwashe, yarinya na ihu tana Umma ya fi ƙarfina ya fi ƙarfina, shi kuma ya durƙusa a bayanta ya tallafi gindin sandar da yatsu biyu kawai bai karɓe mata ba, har kifin ya taso gefen jirgi ya sa raga ya kwaso shi. Jan kifi ne mai ɗigon baƙi a gindin wutsiya, wanda suke kira redfish. Har yau in an yi baƙi sai ta ɗauko hoton.

Sai dai ki shirya wa yaran zuciyarsu tun daga gida, ke ma ki shirya taki, don nan ba Argungu ba ce da wanda ya fito da ƙaton giwan ruwa shi ne gwani. A Texas awo ake yi, akwai ma'auni a manne jikin jirgin. Shi redfish sai wanda tsawonsa ya kama daga inci 20 zuwa 28 ake ɗauka, guda uku ga mutum a rana, ƙarami a mayar, babba ma a mayar sai dai wanda ake maƙala wa takardar da ke jikin lasisin kamun kifi, saboda manyan su ne masu ƙwai. Ɗayan kifin da aka fi nema, mai ɗige-ɗige a baya da suke kira speckled trout, tun 2024 aka mayar da shi guda uku a rana, inci 15 zuwa 20, kin tuna sanyin nan na Fabrairun 2021 da muka kwana ba wuta ba ruwa, to kifi miliyan 3.8 hukumar da ke kula da kamun kifi a jihar, Texas Parks and Wildlife, ta ƙiyasta ya kashe a gaɓar Texas, shi ya sa aka ƙara tsanantawa. Shi kuma falalen nan mai idanu biyu a gefe ɗaya, flounder, daga 1 ga Nuwamba zuwa 14 ga Disamba ba a ɗaukarsa kwata-kwata. Babban ɗana ya kama wanda ya gaza da inci ɗaya tak aka mayar, sai da ya yi hawaye, kyaftin ɗin ya ba shi kifin a hannu ya ce shi ya sake shi da kansa, ya riƙe shi a cikin ruwa har ya motsa wutsiya ya tafi, to sannan ya huce. Wannan dokar duk jirgin da kuka shiga ɗaya ce.

Lasisin kamun kifi ma haka, kuma nan mutane suke yin kuskure don a Florida na jirgin ya wadatar, a Texas kowa nasa yake saya ko da shata ya ɗauka. Wanda bai kai shekara 17 ba babu ruwansa, ke da Abbansu kuma akwai na yini ɗaya, dala 11 ga mazaunin jiha 16 ga baƙo, ana samu a kantin Academy ko Walmart ko ta intanet a shafin Texas Parks and Wildlife. Hajiya in kallo kawai za ta yi ba sai ta saya ba, amma in har za ta taɓa sanda a saya mata na baƙi. Rigar ceto kuwa doka ce ga duk yaron da bai kai 13 ba a ƙaramin jirgi muddin yana tafiya, yaranki duka uku kenan, ki tambaya ko yana da daidai jikin ƙaramar.

Yanzu maganar Hajiya. Yawancin ƙananan jiragen nan na shata ba su da banɗaki, ko kaɗan, buɗaɗɗen jirgi ne sitiyari a tsakiya, wani ko rumfar kirki babu, maza su sun san yadda suke yi, mu mata fa? Ni zuwanmu na farko ban tambaya ba, sai da muka yi nisa na gane, na ƙi shan ruwa har aka dawo, kaina ya yini yana ciwo. Kuma shigarsa sai an tako daga kan katako zuwa jirgi yana motsi, ga dattijuwa mai ciwon gwiwa da zani ba ƙaramin abu ba ne. A nan babban jirgi ya fi nesa ba kusa ba, akwai banɗaki na maza da na mata, akwai ɗaki mai inuwa da benci, shiga ma da sauƙi. Illarsa dai ana sayar da giya a ciki ana sha a gefenki, ga sigari ga bakin wasu ba linzami, in Hajiya mai gudun irin wannan ce ba za ta ji daɗi ba. Shawarata ki nemi kyaftin mai ɗan babban jirgi da ke da banɗaki da rumfa, akwai su sai dai sun fi tsada, in ba a samu ba to ki zauna da ita ki faɗa mata gaskiyar yadda abin yake ta zaɓa da kanta. Mu da mahaifiyata ta zo abin da muka yi shi ne Abbansu ya tafi da yara da safe, ni da ita muka shiga jirgin fiton nan da ke tsallakawa da motoci daga Galveston zuwa gaɓar Bolivar, kyauta ne, kamar minti ashirin, tana zaune a mota in ta ga dama ta fito ta tsaya, kifayen dolfin suna ta ɓullowa a gefe tana ta tasbihi, ta ce ita wannan ya ishe ta.

Wanda suke tallatawa na fita can tsakiyar teku, awa 10 ko 12, ki bar shi tukuna, ba na masu farawa ba ne balle yara.

Lokaci kuma, in kuna iya jira Oktoba ta fi, zafi ya sauka kifi na ci, Afrilu da Mayu ma ba laifi sai dai iska. In dole sai hutun bazara to ku karɓi fitar asuba, ku yi sallah a bakin tashar jirgin, kafin rana ta take kun dawo. Alwala ba matsala, ruwan teku mai tsarki ne kamar yadda ya zo a hadisi, buta kawai za ki riƙe. Hijabi ki sa gajere mara nauyi wanda iska ba za ta riƙa kaɗawa yana kama ƙugiya ba, ni dogon nan na sa ranar farko sai da aka yanke masa baki. Yara su karya da abu mara maiƙo, maganin jiri irin Dramamine ana shansa ne tun kafin a shiga jirgi, amma ki fara tambayar likitansu saboda ƙaramar.

Abu biyu kan tarwada don na san mu da farfesunta. Ta teku da za ku yi ta kamawa, musamman a jirgin haya, ƙayarta dafi gare ta, kar ki bari yaro ya kai hannu ko ya taka ta da silifas, a bar wa ma'aikacin jirgi ya cire. Sannan hukumar lafiya ta jihar ta yi gargaɗi a kan cin tarwadar wannan lungun saboda gubar masana'antu da ke taruwa a jikinta, yara 'yan ƙasa da 12 da matan da ke shekarun haihuwa an ce kar su ci sam, don haka a mayar da ita ruwa kawai. Su kuma waɗanda kuka dawo da su, in an sauka kyaftin zai gyara muku, amma su gyaransu shi ne a yanke tsokar gefe biyu a jefa wa tsuntsaye kai da ƙashi, kafin ki ankara ya gama da guda biyu, don haka tun yana wasa wuƙa ki ce masa ya kankare ɓawon ya cire kayan ciki kawai ya bar miki kan, ki zo da kularki da ƙanƙara a bar ta a but ɗin mota.