Mun sake komawa Elmina da yara, ga yadda abin yake

Salam Yaya, da fatan kun wuni lafiya, a gaida min Hajiya da duk mutan gida. Rannan a waya kake tambayata wai me muke samu a bakin tekun nan na Elmina a Ghana da duk hutu sai na kwashi iyali daga unguwar Nima a Accra mun tafi, ba ma gajiya ne? To gaskiya yaran sun fara gajiya, babban ma cewa yayi shi a barshi a Accra, tunda kullum abu ɗaya ne, otal, yashi, a shiga tsohon ginin Turawa a fito. Shi yasa wannan karon na ce ba zaman otal, gari zamu shiga.

Daga Accra zuwa Elmina kilomita 150 ne da ɗan wani abu, ko ka hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, a tashar Kaneshie ko ka yanki tikitin bas ɗin kamfanin STC, in Allah ya taimake ka ka wuce go-slow ɗin Kasoa to sauran hanyar da sauƙi. Abin da nake so ka gani da idonka shine MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Lambar wayarka ita ce asusunka, ko ƙaramar waya ce ka danna *170# ka tura, mai kwakwa a bakin ruwa yana karɓa, mai kifi tana karɓa, ba tsayuwar jiran alat da muke yi a gida mai kaya na kallonka kana kallonsa.

Babban ginin dai mun sanshi, Turawan Fotugal suka gina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, nan ne aka riƙa tsare bayi kafin a zuba su a jirgi, duk wanda ya shiga ɗakunan ƙasan nan jikinsa sai yayi sanyi. Amma wannan zuwan tudun da ke kallonsa muka hau, inda ƙaramin sansanin St. Jago yake, daga kan tudun nan ne ma mutanen Holan suka yi wa ginin ruwan wuta har suka ci shi. In ka tsaya a sama zaka ga tafkin Benya cike maƙil da kwale-kwale, kowanne da fenti da tutoci, wani tutar Ghana wani ta ƙungiyar ƙwallo, yaran da suka ce sun gaji sai da na yi da gaske kafin suka yarda muka sauko.

Washegari muna idar da asuba muka gangara gada wajen da masunta ke shigowa. Wlh Yaya nan ne garin yake. Maza na jan kwale-kwale suna waƙa da yaren Fante, mata sun shiga ruwa har gwiwa da manyan kwanukan silba a ka ana ciniki da ihu, kifin yana motsi ake saye. Wata dattijuwa ta bar mu muka tsaya a bayan gidanta muka ga yadda take banda, murhun ƙasa ne mai faɗi irin wanda suke kira Chorkor, sai a jera kifi a faranti na katako mai ragar waya, a ɗora wani kan wani har su yi tsayi, hayaƙi ɗaya ya ratsa su gaba ɗaya, lokaci lokaci ta sauke na ƙasa ta mayar sama, idonta jawur amma hannunta bai tsaya ba. Maman yara da ta saba da kifin ƙanƙara na kwali irin wanda muke saya a Kano sai tambaya take ta yi ta bakin wani yaron zango, wato unguwar Hausawa, da ya mana tafinta. A gefe kuma ga masu sassaƙa, gindin kwale-kwalen nan duk girmansa daga icce ɗaya ake fafe shi, iccen wawa, sannan a ƙara masa katako a gefe. Ranar Talata ba sa shiga teku, al'adarsu ce tun kakanni, ranar zaka gansu zaune a inuwa suna ɗinkin koma.

Mun kuma je dajin Kakum, bai da nisa daga Cape Coast, akwai gadojin igiya 7 da aka ɗaura a saman bishiyoyi. Da safe ake zuwa kafin motocin ƴan makaranta su iso. Shi wannan in kana da tsoron sama ka haƙura kawai.

Yanzu maganar kaya da hidima, tunda na san ita kake jira. Kifi da kwakwa da abarba sun fi mu, ba gardama. Amma nama fa ba'a magana, tsada, don shanun daga arewa da Burkina ake sauko da su, albasa ma yawanci daga Nijar take zuwa, kuma tsiren da suke kira chichinga ko kusa bai kama ƙafar na gida ba, yajin ne babu. Abincin otal kuma ka tambayi kuɗin ƙarshe kafin ka ce a kawo, saboda akan ɗora VAT da wasu haraji har da na yawon buɗe ido kashi 1 cikin 100, abin da ka gani a takarda ba lallai shi zaka biya ba. Sannan wuraren bakin ruwa da yawa suna sayar da giya da naman alade, dole ka buɗe baki ka tambaya, mu dai mafi yawan cin abincinmu a zango muka yi, waakye, wato shinkafa da wake, da safe, koko da ƙosai, ga masallaci kusa. Otal ɗin da muka sauka ruwa ya ɗauke mana har dare ɗaya, sai da bokiti aka kawo, amma sun ba da haƙuri da ladabi kuma sun rage mana kuɗi ba tare da na roƙa ba, wannan ya burge ni sosai. Teku kuwa ba wajen wasa bane, igiyar ruwan nan tana ja da ƙarfi kuma ba ko'ina ake samun mai tsaro ba, yara iyakarsu idon sawu. Ga ledoji da robobi da ruwa ke amayarwa a wasu wuraren, abin ba daɗin gani.

Inda suka fi mu da gaske shine yadda suke riƙon kayan tarihinsu. Ka biya a ƙofa a baka rasit, baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa kuma a rubuce yake a allo kowa na gani, sai a haɗa ku da mai zagayawa da ku wanda ya san abin da yake faɗa, tun 1979 UNESCO ta saka gine-ginen nan cikin kayan tarihin duniya. Ina tsaye ina saurarensa raina na sosuwa, don ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, ta girmi ginin nan da shekaru sama da 300, amma kai shaida ne yadda ake yankarta ana gini a kai. Ga Dala, ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata, ga Kurmi, yaran gidanmu nawa ne aka taɓa kaiwa aka musu bayani a tsanake? Don Allah hutun nan ka ɗauki naka ka kai su ko Gidan Makama ne, kuɗin mota ina kai.

In kuma zuwan naku ya tabbata ku daidaita shi da Talatar farko ta watan Yuli, ranar suke bikin Bakatue na buɗe tafkin Benya, kwale-kwale ke yin jerin gwano a ruwa, otal yana cika da wuri don haka ka faɗa min tun da sauran lokaci in kama ɗaki. Kar ku manta da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa wajen shigowa, kuma ka taho min da kilishi da yaji mai yawa.