Zubar jinin gyambon babban hanji: a cire duka ko a bar ƙarshensa?

Hajiya, Allah ya ba ƙanenki lafiya. Kin ce yana kwance a asibiti a nan Kaduna da gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira alsaretib kolaitis, ana ta ƙarin jini amma kashin jinin bai tsaya ba, yanzu likitan tiyata ya ambaci aiki iri biyu, kina son sanin wanne ya fi.

Aiki na farko shi ne a cire kusan duk babban hanjin, a bar guntun ƙarshensa da ke saman dubura a ɗinke bakinsa, sannan a fito da bakin ƙaramin hanji ta gefen dama na ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin ledar da ake mannawa. Na biyu kuwa har wannan guntun ake cirewa. Daga nan ko ledar ta zama ta har abada, ko a naɗe ƙarshen ƙaramin hanji a mayar da shi 'yar jaka a haɗa da dubura, dabarar da likitoci Parks da Nicholls na asibitin St Mark's da ke Landan suka bayyana a 1978.

A kunne, na biyun ya fi daɗi. Cutar daga wannan guntun take farawa ta yi sama, in an cire shi an tumɓuke ta ke nan. Amma ki dubi wanda za a kwantar a kan gadon tiyatar: jininsa ya yi ƙasa, ya rame, ga allurar haidirokotizon da ake yi masa, wadda ke hana ɗinki kamawa da wuri. Guntun nan can cikin ƙugu yake, kewaye da jijiyoyin jini da kuma jijiyoyin da ke riƙe da fitsari da ƙarfin namiji. Ciro shi yana kumbure aiki ne mai tsawo, yana ƙara zubar da jinin da ake neman tsayarwa, kuma in ɗinkin jakar ya yi yoyo a jikin da ba ƙarfi, ruɓar ciki ce. Shi ya sa ba a yi wa mai zubar jini jaka a ranar gaggawa.

Na farkon ya fi sauri, kuma yawancin likitocin tiyatar ciki sun saba da shi. Yana kawar da mafi yawan inda jinin ke fitowa, yana ba da damar janye sitiroyid, wato magani irin haidirokotizon ɗin nan, a hankali. Akwai wata fa'idar da ba a cika faɗa ba: hanjin da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji, wani lokaci sai a tarar cutar Crohn ce, wata cutar kumburin hanji mai kama da wannan, wadda jaka ba ta cika ɗorewa da ita ba. In komai ya yi daidai, bayan wata 3 zuwa 6 sai a zauna a yi maganar jaka a natse.

Aibinsa shi ne guntun da aka bari yana iya ci gaba da zubar da jini, kamar mutum 1 cikin 10, har a sake komawa tiyata. Kuma muddin yana nan, sai an riƙa leƙa shi da na'ura saboda sankara. To, a nan aiki na biyu yake da gurbi: idan likita ya leƙa ya ga jinin daga guntun kansa yake ɓulɓulowa. In ba haka ba, ni ina tare da na farko.

Kada kuma a ɗauka jaka na mayar da mutum kamar da. Mai ita kan zaga sau 4 zuwa 8 a rana, kuma kusan rabinsu jakar kan yi kumburi wata rana.

Batun leda ne ke sa dangi su ce a dakata, na sani. Ku tambayi ma'aikatan jinya inda ake samunta da kuɗinta tun yanzu, don ba kowane kemis ke ajiye ta ba. Babban hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri, saboda haka a zafin Maris da Afrilu sai ya riƙe ruwan gishiri da sukari. Batun alwala da salla ku kai wa malami, akwai sauƙin da ake yi wa mai uzuri irin na yoyon fitsari.

Don Allah a hana masu zuwa dubiya ba shi jiƙon basir, wannan ba basir ba ne. Haka diclofenac da ibuprofen, suna iya tayar da ciwon. Gobe in likita ya zagayo, ki tambaye shi ko an yi gwajin bayan gida an kore atuni, daga ina ya ga jinin ke fitowa, da kuma leda nawa ta jini yake so a tanada, don ku tara 'yan'uwan da za su bayar kafin a shiga da shi.