SparkNotes da ɗalibi mai koyon gane habaici a Animal Farm

Jagorar da shafin SparkNotes ya yi wa Animal Farm, littafin da George Orwell ya fitar a 1945 kan dabbobin da suka kori mai gona suka karɓe mulkinta, ta ƙunshi taƙaitawar babi goma na littafin da sharhinsu, bayanin taurari, jigogi, da gajerun tambayoyin gwaji. Yawancin wannan kyauta ne, sai dai akwai talla, kuma da Turanci kawai aka rubuta.

Ƙarfinta shi ne nuna wanda ake yi wa zambo. Alade Napoleon shi ne Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, alade Snowball da aka fatattaka shi ne Trotsky, abokin hamayyar Stalin, doki Boxer talaka ne mai aikin ƙarfi, tawayen dabbobin kuma juyin juya halin Rasha ne na 1917. Ɗalibin da bai san tarihin Tarayyar Sobiyet ba, nan an cire masa ƙaya.

Matsalar tana wajen taƙaitawa. Orwell ya ɓoye gatsensa ne a bakin mai ba da labari, wanda ke faɗin abu fuska a murtuke kamar bai fahimci komai ba. A babi na 9, bayan keken dokin mai yanka dawaki ya tafi da Boxer, abin da kawai aka ce shi ne aladu sun samo kuɗi daga wani wuri sun sayi akwatin giya. Mai karatu ne zai haɗa biyun, gabansa ya faɗi. Wanda ya fara da taƙaitawa an riga an haɗa masa, don haka zai san abin da ya faru amma ba zai ji shaguɓen ba. Shi ya sa ake ganin amsar jarrabawa ta koma jerin "wane shi ne wane", babu misali ko ɗaya na yadda aka yi gugar zanar.

Gara a juya tsarin. A karanta babi ɗaya da fensir kafin a buɗe shafin, ana ja layi a wurare uku: inda magana ta saɓa da aiki, inda aka sa kalma mai laushi a rufe mugun abu, da inda dabbobi suka ƙaryata abin da suka tuna. Dokoki bakwai da dabbobin suka rubuta a jikin bango su ne wurin gwaji mafi sauƙi. A kwafe su daga babi na 2, a riƙa duba abin da aka liƙa musu: haramcin kwana a gado ya koma gado mai zanen shimfiɗa, na giya ya koma shanta fiye da kima. Sai a karanta sharhin, a ga abin da aka tsallake.

Tambayoyin gwajin kuwa haddar labari suka fi aunawa. Sun isa a tabbatar ɗalibi ya karanta babin, amma malami ne zai tambaye shi dalilin da ya sa alade Squealer, kakakin Napoleon, ke kiran rage abinci "daidaitawa".