Bol Ya Ƙi Fita a Birki: Wuta Ko Ƙarfen Ciro?

Ɗan'uwa, ka ce kana canza faifan birkin gaba da kanka, sai kan ƙaramin sukurun da ke riƙe faifan ya cinye, manyan bol biyu na gindin kalifa (ƙarfen da ke matse faifan in an taka birki) kuma suka ƙi motsi. Kana tambaya ko ka sayi ƙarfen nan mai murɗin hagu da ake ciro karyayyen bol da shi, ko kuwa ka sa musu wuta.

Abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Wuta tana sassauta abin da ya riƙe tiredi, wato zaren murɗin da ke jikin bol da cikin raminsa. Ƙarfen ciro kuwa wurin kamawa kawai yake ba ka bayan kan bol ya tafi, amma riƙon tsatsar yana nan yadda yake. Saboda haka kafin ka zaɓa, ka duba: kamu ne ka rasa, ko tiredi ne ya cije?

Bari in fara da ƙarfen ciro, don shi ne mutane suka fi saurin saya, kuma shi ne na fi jin tsoro. An ƙera shi da ƙarfe mai tsananin tauri don haƙoransa su iya cizon bol, taurin nan kuma shi ke sa ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi farat ɗaya. Mai siffar tsini yana da wani aibin: yadda kake murɗa shi yana shiga, haka yake buɗa bol ɗin daga ciki yana ƙara matse shi a jikin tiredi. Bol ɗin da ya ƙi soket mai kama kai gaba ɗaya, da wuya ya bi siririn ƙarfe da aka cusa a tsakiyarsa. In kuma ya karye a ciki, bakin injin huda na yau da kullum ba zai ci shi ba, zamewa gefe zai yi ya ɓata ramin. Inda yake da amfani shi ne bol ɗin da ya karye saboda an ɗaure shi fiye da kima, tiredinsa lafiya lau. Wannan kam cikin sauƙi yake fitowa.

Wuta ita ce ke zuwa gindin matsalar. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, ya koma in ya huce, wannan motsin ne ke farfasa tsatsar da ke tsakanin tiredi. Ban da haka, kamfanoni da yawa suna shafa wa bol ɗin gindin kalifa gam ɗin kulle tiredi, kuma jan gam ɗin nan mai ƙarfi sai ya kai wajen digiri 250 yake saki. Ana gasa naman ƙarfen da tiredin ke ciki ne, ba kan bol ɗin ba, kuma ba sai ya yi ja ba.

Sai dai wajen taya cike yake da abin da ba ya son wuta: tiyon roba na man birki, robobin kalifa, robar shaf, wayar ABS (na'urar hana taya cijewa in an taka birki), da giris ɗin boris. Sabon man birki nau'in DOT 3 ƙa'idar tafasarsa digiri 205 ce, DOT 4 kuma 230, in ya tsufa ya sha danshi sai ta sauko wajen 140 da 155. Don haka a fara cire kalifa daga kan gindinta, a rataye ta da waya can gefe, kar a bar nauyinta a kan tiyo. A goge man warware tsatsa da aka fesa, don yana kamawa. Abin da nake roƙonka da babbar murya: kar ka kusantar da wuta inda ka fesa maganin wanke birki. Mai sinadarin kulorin a cikinsa yana rikiɗa ya zama iska mai guba da ke lalata huhu idan ya haɗu da zafi mai tsanani. In kuma wurin alminiyam ne, a yi a hankali, domin ba ya canza launi ya gargaɗe ka, yana kai digiri 660 sai dai ka ga ya narke.

To a manyan bol ɗinka, wuta ta fi ƙarfen ciro nesa ba kusa ba, tunda kansu yana nan. Amma ko ita ba da ita za ka fara ba. Ka ɗora motar a kan ƙafar ƙarfe tukuna, jak kaɗai ba ya jure jijjigar da za ka yi. Ka juya sitiyari bol ɗin su fuskanto ka. Ka nemi soket mai kusurwa shida, domin shi ke kama faffaɗan gefen kai, mai kusurwa goma sha biyu a kan tsini yake hawa, shi ne ke mayar da kan bol mulmulalle. Ka sa wa soket ɗin dogon hannu. Ka kuma lura da wani abu da ke rikita mutane da yawa: kan bol ɗin nan ciki yake kallo, kai kuma kana zaune ta waje, don haka abin da idonka ke gani kamar kwancewa ɗaurewa ne. Ka fesa mai, ka bubbuga kan da guduma, ka ba shi lokaci. In ya motsa kaɗan, kar ka zarce. Mayar da shi, sake kwancewa, ƙara mai, haka har ya saki. Sai duk wannan ya gaza za a kawo wuta, kuma bol ɗin da ya sha wuta sosai ba a mayar da shi. A sa sabo mai lambar ƙarfi ɗaya da wadda ke kansa, galibi 10.9, a ɗaure daidai awon da littafin motar ya faɗa.

Ƙaramin sukurun faifai labarinsa dabam. Abin da ya dace da shi tun farko shi ne sukurudireban duka, wanda ake buga wa guduma ya danna ya murɗa a lokaci guda. A motocin Japan irin su Honda, yankan kan sukurun ba daidai yake da na Phillips (sukurudireba mai bakin giciye da aka saba) ba, shi ya sa bakin ke tsalle ya cinye shi. Tunda naka ya riga ya cinye, ka kafa cizal a gefen kan, ka buga ta wajen kwancewa. In ya ƙi, huda kan kawai da baki daidai kaurin jikin sukurun, yawanci milimita 6. Kan zai ɓalle, faifai ya fito, guntun da ya rage ka kama da filaya mai kulle. Bakin huda mai juyin hagu ya fi, don sau da yawa yana cikin ci sai ya kwance sukurun. Wannan sukuru ba shi ke ɗaukar nauyin birki ba, notocin taya ne ke matse faifan. Amma a motocin Jamus masu bol ɗin taya, ka mayar da sabo, shi ke tsayar da ramukan faifai daidai lokacin sa taya.

Akwai hanya ta uku da ta haɗa amfanin biyun: a ɗora noti a kan guntun bol ɗin da ya karye a yi masa walda. Zafin waldar ya farfasa tsatsa, notin ya ba ka kamu na sosai. In babban bol ya karye, nan zan tura ka kafin ƙarfen ciro. A cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aikin don kar lantarki ya bi ta cikin boris.

Ba ka ambaci ɗan bol ɗin fitar da iska na jikin kalifa ba, amma ina jin za ka iso gare shi. Cikinsa rami ne, shi ya sa yake saurin karyewa, ramin nan kuma shi ke jan mutum ya cusa ƙarfen ciro. Gindinsa ne ke toshe man birki, in huda ta taɓa mazauninsa mai zai riƙa tsattsafowa. In ya karye daidai da jiki, ka canza kalifar gaba ɗaya.