Atsu ko Ahmed Musa? Ga tawa amsar

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, tambayar da ka jefo jiya da daddare, wai tsakanin marigayi Christian Atsu da Ahmed Musa wa ya fi a wasan gefe, na ga an kwana ana musu a kanta, wasu sun riƙe Atsu saboda namu ne ɗan Ghana, wasu kuma jinin Kano da Sakkwato na kakanni ya motsa sun ce sai Musa. Ni na bari ne sai da na sha kokona na safe hankali ya kwanta, don maganar ta fi ƙarfin layi biyu.

Abin da ya sa kwatancen ya yi daɗi, mutanen nan sa'o'in juna ne. Duk 1992 aka haife su, Atsu a Ada Foah, Musa a Jos. Duk sun buga a Holan, sun buga a Ingila, sun je Saudiyya, sun je Turkiyya. Kamar mota ɗaya suka hau, amma ba wuri ɗaya aka sauke su ba.

Idan ƙafa ake magana, wato abin da mutum zai yi da ƙwallo in ta zo masa, ni Atsu nake ba. Ina cikin filin Baba Yara nan Kumasi a 2012 ranar da muka ci Lesotho 7-0, ranar ya fara saka rigar Black Stars, ƙungiyar ƙasarmu Ghana, ya shigo daga benci ɗan siriri haka, wani dattijo kusa da ni har yana tambaya yaron wa aka sako, kafin a tashi yaron ya zura tasa a raga. Bahago ne, sai a ajiye shi a dama ya yanko ciki, ƙwallo manne da ƙafarsa kamar an ɗinke. Musa ba haka yake ba. Shi gudu ne makaminsa, ka ba shi fili kawai a bayan masu tsaron baya, in ya wuce ka sai dai ka karanta lambar rigarsa. Kuma yana da abin da Atsu bai cika da shi ba: in ya ga raga ba ya jinkiri. Tun yana Kano Pillars yaro ƙarami ya ci 18 a kaka ɗaya, shi ne ya fi kowa ci a lig ɗin Najeriya na lokacin.

To amma inda hanyarsu ta rabu shi ne zaɓen kulob, kuma nan ne ni zuciyata ke ciwo har yau.

Musa daga VVV-Venlo ya tafi CSKA Mosko a farkon 2012. Mutane da yawa sun raina, wai Rasha, ga sanyi, ga ba a kallon lig ɗinsu a gidajen kallo. Amma can ya samu abin da ɗan ƙwallo mai shekara 19 yake bukata, wato a saka shi duk mako. Ya zauna shekara huɗu da rabi wuri ɗaya, ya ɗauki lig sau 3, ya buga gasar Zakarun Turai, har Leicester suka zo a 2016 suna riƙe da kofin Firimiya suka biya sama da fam miliyan 16 a kansa, kuɗin da ba su taɓa sayen ɗan wasa da shi ba kafin nan. Gaskiya a Leicester bai yi ba, wannan kar kowa ya ɓoye, ya ci Barcelona biyu a wasan share fage muka ce shi ke nan, sai ga shi yana dumama benci. Amma da ya ga ba ta yi sai ya koma CSKA aro a farkon 2018 don ya samu wasa a ƙafa kafin Kofin Duniya, daga nan Al-Nassr ya ƙara ɗaukar lig a can.

Atsu fa? Yana Porto, ya je aro Rio Ave ya haska, ya dawo sun ɗauki lig a 2013, sai Chelsea ta zo. Na tuna murnar da muka yi a majalisarmu ta ataya a Aboabo, 'yan Chelsea har da sayen lemo, ɗanmu zai bi sawun Essien, ɗan Ghanan da ya yi suna a Chelsea. Wallahi bai buga musu wasan gasa ko guda ɗaya ba. Vitesse, Everton, Bournemouth, Malaga, Newcastle, aro biyar cikin shekara huɗu, duk shekara sabon koci sabon gari sabon salo, ta yaya mutum zai kafu? A Vitesse magoya baya sun zaɓe shi gwarzon shekara, maimakon a bar shi ya ɗora sai aka sake kwashe shi. A Everton benci, a Bournemouth ciwo ya hana shi ko wasan lig ɗaya. Sai a Newcastle ƙarƙashin koci Benitez ya samu gida, suka hauro Firimiya a 2017 suka saye shi gaba ɗaya, amma shekarun da ya kamata a ce ya gina kansa sun riga sun tafi a hanya.

Ga maganar ƙasa kuma, kowa da ranarsa. Ranar Atsu ita ce Kofin Afirka na 2015 a Ikwatoriyal Gini. Lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, mun haɗa kuɗin mai aka tayar da janareta a ƙofar gidan wani maƙwabcinmu aka fito da talabijin waje, yara a ƙasa manya a benci. Wasan Gini ya ci biyu, ta biyun nan daga can gefen dama ya lanƙwasa ta ta wuce kan gola, ita aka zaɓa ƙwallon da ta fi kyau a gasar, shi kuma gwarzon gasar baki ɗaya. A wasan ƙarshe da Kwaddibuwa ya ɗirka wata daga nesa ta daki ƙarfe, har yanzu ina jin ihun da layinmu ya yi. Aka je fenareti muna gaba da biyu, aka ƙare 9-8 kofi ya tafi Abijan. Da waccan ƙwallon ta shiga, da Ghana ta karya ƙishin da take ciki tun 1982 kuma da sunan Atsu za a riƙa faɗa.

Musa shi ya riga ya ɗaga nasa a 2013 a Afirka ta Kudu tare da koci Keshi, ya ma ci Mali a wasan kusa da na ƙarshe, a daidai matakin da Burkina Faso ta fitar da mu da fenareti. Sai Kofin Duniya: 2014 ya ci Ajantina biyu, Messi na ci yana ramawa, duk da an ci su 3-2. 2018 ya sake cin Aisland biyu. Ƙwallo 4 a Kofin Duniya, babu ɗan Najeriyar da ya kai shi, kuma ya haura wasa 100 a rigar ƙasarsa. Atsu ya je Brazil a 2014 shi ma, amma kun san yadda rigimar kuɗin alawus ta cinye mana waccan tafiyar, ba wanda ya dawo da abin nunawa.

Saboda haka ɗan'uwa, in tambayarka wa ya fi cin ribar ƙwallonsa ce, kofuna da ƙwallaye da daɗewa, Ahmed Musa ne kuma da tazara, ina faɗa ne a matsayin wanda Black Stars ke hana shi barci. In kuma wa zan biya kuɗin ƙofa in kalla yana taɓa ƙwallo, Atsu ne.

Abu ɗaya da ban so a yi musu a kai shi ne hannunsu. Musa ya dawo Kano Pillars yana da halin ya zauna waje, kuma kowa ya san yadda yake taimakon mutane a Kano da Jos. Atsu ya riƙa biya wa fursunonin da ƙaramar tara ta riƙe su a gidan yari suna fita, ga marayun Senya Beraku da yake gina wa makaranta. A watan Fabrairu 2023 dukansu biyu suna Turkiyya, Musa a Sivasspor, Atsu a Hatayspor. Ranar 5 ga wata Atsu ya ci firikik a mintin ƙarshe ya ba kulob ɗinsa nasara a kan Kasimpasa, kafin asuba girgizar ƙasa ta rushe ginin da yake ciki. Kwana 12 muna ta duba waya, yau a ce an same shi da rai gobe a ce ba shi ba ne, sai ranar 18 aka ciro gawarsa. Shekararsa 31. Allah Ya ba iyalansa haƙuri.