Yaaba: tsohuwar da gari ya kira mayya

Daren jiya na kalli Yaaba, fim ɗin da marigayi Idrissa Ouédraogo na Burkina Faso ya shirya a 1989. Da harshen Mosi aka yi shi, don haka sai da na riƙa bin fassarar da ke ƙasan allo. Amma maganar ba ta da yawa, ko kurma zai gane inda aka dosa.

Wata tsohuwa ce, Sana, tana zaune ita kaɗai a bayan gari. An yi mata tambarin maita, yara suna jifanta da dutse, rumbu ya ƙone an ce ita ce. Sai ga wani yaro, Bila, ya fara zuwa wurinta a ɓoye, har ya sato zakara ya kai mata. Nan ya kira ta "yaaba", wato kaka, sunan da babu wanda ya taɓa kiran ta da shi. Ba ta yi kuka ba, ba a sa wani kiɗan tausayi ba.  Wallahi sai da na tsayar da fim ɗin, domin a unguwarmu ma an yi wata tsohuwa da iyayenmu suka hana mu karɓar ko gyaɗa daga hannunta, kuma har ta rasu ban taɓa gaishe ta ba.

Inda fim ɗin ya fi kama ni shi ne ciwon Nopoko, 'yar uwar Bila. An yanke ta da wuƙa mai tsatsa wajen faɗan yara, ciwo ya ci ƙarfinta. Wani boka mai neman na tuwo ya ce Sana ce ta kama kurwarta, gari ya tashi ya ƙone mata bukka, alhali ita tana can ta ƙetare kogi neman mai magani na gaskiya. Babban da ya tsaya mata a fili shi ne Noaga, mashayin da kowa ya raina. Daga bakinsa ne muka ji laifinta: uwarta ta rasu wajen haihuwarta, baƙin ciki ya kashe uban. Shi ke nan maitar.

Fim ɗin yana da nasa aibin. Tafiyarsa a hankali take, kyamara na tsayawa nesa har ka ƙagu ka ga fuskokin mutane, kuma labarin matar Noaga da kwartonta ya ci lokacin da na so a ba Sana. Mai son fim mai waƙa da rawa zai yi gyangyaɗi tun kafin rabi.

Fim ɗin ya samu kyautar masu sharhin fim a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a shekarar da ya fito. Minti 90 ne ko kusa da haka. Zan sake kallon sa ranar Asabar tare da 'ya'yan yayata, in ji me za su ce game da zakaran nan da aka sato.